Dehen Tundan da Magudanar Mahaifinsa (1958–2021)

Haihuwa da asali

An haifi Dehen Tundan a shekarar 1958 a garin Tumbang Pantung, a gaɓar wani reshe na kogin Katingan da ke lardin Kalimantan ta Tsakiya, ana tsakiyar girbin shinkafar tudu. Takardar shaidarsa ta ce ranar 31 ga Disamba, amma ranar da aka rubuta wa rabin mutanen garin ke nan, domin magatakardan da ya zo rajista sauri yake ya kama jirgin ruwan yamma. Mahaifinsa shi ne Tundan Rambang, mai tatsar ƙaron itacen pantung, mahaifiyarsa kuma Lamiang, wadda ta shahara da saƙar tabarmar rotan, wata kurangar daji mai ƙarfi. 'Ya'yansu maza biyu ne suka rayu: Nyahu, sai Dehen da ya biyo bayansa da shekara huɗu. Iyalin mabiya Kaharingan ne, addinin kakannin ƙabilar Dayak.

Mai wannan rubutu Musulmi ne, ya koyar a makarantar garin shekara talatin da ɗaya, kuma shi ke riƙe wa majalisar dattawa alƙalami. A garinmu ba a kiran magidanci da sunan yanka. Baban Bungeh ake ce wa Dehen, Nyahu kuma Baban Ampung. Na kama sunayensu ne saboda tarihi, iyalansu su yi mini afuwa.

A shekarar 1963 Tundan ya fara haƙa tatas, wato siririyar magudanar ruwa wadda kwale-kwale ɗaya ke iya bi, daga bakin kogi zuwa cikin daji inda itatuwan ƙaro suke. Shekara biyar ya yi yana haƙa da fartanya da adda, har ta kai kilomita huɗu. Ƙasar dajinmu gambut ce, ruɓaɓɓen ganye da saiwa da suka taru tun zamanin da ba wanda ya sani. Muddin tana jiƙe wuta ba ta cin ta, idan kuwa ta bushe ita kanta makamashi ce. A wancan lokaci ba wanda ya taɓa tunanin cewa magudana tana tsotse daji. Bisa al'ada, tatas ta wanda ya haƙa ce, bayansa kuma ta magadansa a haɗe: ba mai shiga sai da izininsu, ba mai toshe ta sai da yardarsu duka.

Ranar da ya kammala, Tundan ya kai 'ya'yansa biyu ƙarshen magudanar, ya nuna musu wata babbar bishiyar belangiran, ya sare ta da gatari sau uku don alama. Mabiya Kaharingan ba sa ɗaukar binnewar farko a matsayin ƙarshen tafiya. Mamaci zaman jira yake a kabari har sai 'ya'yansa sun yi masa tiwah, sun tono ƙasusuwansa sun wanke, sun ajiye a ɗan ɗakin katako bisa ginshiƙai, sannan ruhinsa ya isa wurin kakanni. Tundan ya dafa bishiyar ya ce, "Wannan ce ɗakina. Ranar da za ku tashe ni, ta ruwan da na haƙa za ta fito." Dehen yana da shekara goma a lokacin, kuma bai manta ko kalma ɗaya ba.

Karatu, sana'a da aure

Ya shiga makarantar firamare a 1966, ya fita bayan shekara uku da iya karatu da lissafi daidai gwargwado. Malamin da na gada ya rubuta a rajista cewa yaron yana da kai, ƙafarsa ce ba ta zama. Daga nan ya bi mahaifinsa tatsar ƙaro, inda ya koyi tafiya a kan saiwoyi ba tare da ya nutse ba, da gane itace daga ƙamshin ɓawonsa. Nyahu kuwa ya karkata ga sassaƙa, ya zama wanda ake nema daga garuruwa uku idan za a yi kwale-kwale ko ginshiƙin mamaci.

A 1981 Dehen ya auri Rusine, 'yar wani masunci daga garin da ke gaba da namu, aka haifa musu Bungeh a shekara ta gaba. Daga 1994, da 'yan kasuwar katako suka cika kogi, 'yan'uwan biyu suka faɗaɗa magudanar mahaifinsu suka riƙa turo gungume. Ba zan wanke shi ba: ya sare itace kamar kowa, wataƙila ma fiye, domin ya fi kowa sanin inda manyan suke. Bishiya mai sara uku kaɗai suke kewayewa.

A 1997 damina ta yi jinkiri, gobara ta kama daji ta ko'ina, hayaƙi ya rufe garin wata uku har muka rufe makaranta. Tundan, wanda ƙirjinsa ya daɗe da rauni, ya rasu ranar 9 ga Oktoba, aka binne shi a maƙabartar bayan gari. Tiwah hidima ce mai nauyi da gida ɗaya ba ya iya ɗauka, sai gidaje da yawa sun haɗu, don haka Tundan ya shiga jira. Wutar ta tsaya kafin ta kai ƙarshen magudanar, bishiyarsa ta tsira.

Aikin bin kahiu

A 2003 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Dakta Sekar Ningrum, mutuniyar tsibirin Jawa, suka kafa sansani a dajin don nazarin kahiu, babban birin nan mai jan gashi da duniya ta sani da orangutan. Suna neman wanda ya san daji, aka nuna musu Dehen, wanda a lokacin kasuwar katako ta mutu a hannunsa. Aikin shi ne ya isa gindin bishiyar da biri ya yi sheƙa kafin ya tashi, ya bi shi yini guda cikin ruwa da laka, yana rubuta abin da yake yi duk bayan minti biyar, har ya sake yin wata sheƙar da yamma.

Mutumin da aji ya kasa zaunarwa, sai ga shi yana tsayuwa awa goma sha biyu da fensir a hannu, wuyansa a ɗage. Garin ya sha dariya. Nyahu ya laƙaba masa magatakardan biri, yana tambayarsa a bainar jama'a ko maigidan nasa ya ba shi hutun mako. Dehen yakan ce maigidansa ya fi na wasu, tunda bai taɓa yi masa tsawa ba.

Wadda ya fi bi wata mace ce da ya sa wa suna Sumbing saboda tsagar da ke leɓenta na sama. Ya bi ta shekara goma sha biyu, ya ga ta yaye 'yarta ta fari wadda aka kira Tiung, ya san itatuwan da take zuwa a kowane wata. Rusine takan ce ya fi sanin abin da Sumbing ta ci jiya da abin da aka dafa a gidansa, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Dakta Sekar ta kafa bututai a cikin ƙasar daji don auna zurfin ruwa, Dehen ne mai karanta su duk ranar Litinin. Bai buƙaci kowa ya fassara masa ba. Bututan da ke kusa da magudanar mahaifinsa su ne kullum ke fara bushewa, kuma nan ne itatuwa ke kifewa da rani.

Madatsu da rantsuwa

A 2009 ya kawo wa majalisar dattawa buƙatar a toshe magudanar da madatsu uku na turaku da buhunan ƙasa, domin ruwa ya zauna a daji. Tun da aka kafa garin ba a taɓa jin ɗa ya nemi toshe tatas ɗin ubansa ba. Nyahu ya ƙi har zama uku, yana cewa gumin Baba ne ake son binnewa saboda biri. A zama na huɗu ya yarda bisa sharaɗi ɗaya: ranar da tiwah ɗin mahaifinsu ya zo, Dehen zai buɗe madatsun da hannunsa, bishiyar ta fito ta ruwa kamar yadda aka yi wasiyya.

Dehen ya karɓa ba tare da jinkiri ba, domin a ganinsa buɗewar kwana biyu ba za ta kashe daji ba. Aka yanka kaza, basir mai jagorantar ibadarsu ya shafa musu jinin a goshi, suka yi rantsuwa, ni kuma na rubuta ranar 17 ga Mayu. Aka gina madatsun a watan Yuni. A shekara ta gaba ya kafa ƙungiyar kashe gobara ta gari mai mutum goma sha biyu, da injin feshi biyu da tiyo, suka haƙa rijiyoyin burtsatse tara a cikin daji. Ruwa ya dawo har kifi ya yi yawa a bayan madatsun, masu zaginsa suka fi kowa kai komar kamun kifi wurin.

Shekarar 2015

A farkon 2015 gidaje goma sha ɗaya suka haɗa kai za su yi tiwah, basir ya tsayar da watan Satumba, aka fara tara ɓaunar gida da aladu da shinkafa. Nyahu yana da shekara sittin da ɗaya, kuma babban tsoronsa shi ne ya mutu ya bar mahaifinsa a ƙasa, tunda ba wanda ya san lokacin da za a sake irin wannan haɗuwa. A watan Yuni ya aika wa ƙanensa cewa lokaci ya yi, a buɗe ruwa ya samu ya sassaƙa ɗakin.

A wannan watan ne bututan suka fara sauka da saurin da Dehen bai taɓa gani ba, masana yanayi kuma suna ta gargaɗin doguwar fari. Ruwan da ke bayan madatsun nan shi ne kaɗai abin da zai raba dajin da wuta har damina ta dawo. Ya je wurin Dakta Sekar, ta shimfiɗa masa alƙaluman, ta ce idan ruwan ya fita bana ba abin da zai mayar da shi. Da ya tambaye ta abin da zai yi, sai ta ce, "Ni awon ruwa na sani, Baban Bungeh. Mahaifinka ban san shi ba."

Aka zauna a zauren gari ranar 12 ga Yuni. Dehen ya roƙi a jinkirta zuwa saukar damina, ko a yi ɗakin da wani katakon.

Nyahu ya ce, "Shekara goma sha takwas Baba yana kwance yana jiranmu, kai kana can kana rubuta sau nawa biri ya yi hamma."

"Yaya, ai ba ƙi na yi ba. To mu jawo ta ta tudu mana, ni zan riƙe igiyar gaba."

"Ta tudu ya ce maka? Kana wurin fa, da kunnuwanka biyu. Ko jinin da aka shafa maka ruwan sama ya wanke?"

Dattawa suka yanke cewa rantsuwa rantsuwa ce, suka ba shi kwana bakwai. Da hannuna na rubuta hukuncin, kuma a ranar ina ganin Nyahu ne da gaskiya. Har yau ban ce ba shi da ita ba, wannan ne ma abin da ya sa labarin ke ci mini rai.

Ranar 19 ga Yuni aka kayar da bishiyar. Shirin shi ne a buɗe madatsa ta sama, wato ta uku, ruwa ya ingiza gungumen, a rufe a bayansa, a yi haka har uku cikin kwana biyu. Lissafin tsofaffin masu katako ne, waɗanda suka saba da itace mai sauƙi. Ɗanyen belangiran kuwa nauyi gare shi, da ƙyar yake taso da baya a ruwa. Gungumen ya wuce madatsa ta uku da ta biyu lafiya, sannan ya maƙale a kan wasu saiwoyi da ke binne tsakanin ta biyu da ta farko. Aka sa mutum ashirin, bai motsa ba. Ba dabarar da ta rage sai a bar madatsun duka a buɗe, ruwan da ke can cikin daji ya yi ta turowa.

Kwana tara ana fama. Kowace safiya Dehen yakan fara zuwa wurin bututai kafin ya zo ya kama igiya, kuma ba ya gaya wa kowa abin da ya karanta. Fuskarsa ta ishe mu. Ranar da gungumen ya fito bakin kogi aka buga gangunan tagulla, mata suka yi guɗa, Nyahu ya rungume itacen yana kuka. Ruwan da ke santimita goma ƙasa da doron ƙasa ya koma saba'in. Ruwa ya zaizaye gaɓar madatsun, sai ranar 5 ga Yuli aka gama gyara su, kuma daga ranar ko yayyafi ba a sake yi ba.

Tiwah da gobara

Nyahu ya yi wata biyu yana sassaƙa, ya fitar da ɗakin da tsofaffi suka ce ba a taɓa yin irinsa a kogin ba. Aka buɗe tiwah ranar 12 ga Satumba cikin hayaƙin gobarar wasu yankuna, har fitila ake kunnawa da rana. Aka ɗaura igiyar rotan a mashigai biyu na gari, basir ya karanta dokar da kowa ya sani: magajin mamaci ba ya tsallake igiyar sai ƙasusuwa sun shiga ɗaki. Wanda ya tsallake ya yanke kansa daga mamacin, ba shi da wuri a wannan ɗaki idan tasa ta zo, sai fa in babban magaji ya kira shi da bakinsa a gaban jama'a.

Da hantsin ranar 21 ga wata aka tono Tundan. Dehen yana durƙushe gaban tasa yana wanke ƙashin cinyar mahaifinsa, sai wata masunciya mai suna Sinei ta tsaya bayan igiya tana kiran sunansa. Ta ce wuta ta kama a bakin kogi, ta shiga busasshiyar magudanar tana bin ta zuwa daji. Ba a san wanda ya kunna ba, ko kuma an sani an yi shiru. Bakwai daga cikin 'yan ƙungiyar kashe gobara magada ne a wannan tiwah, biyar ɗin da suka rage kuwa ba wanda zai iya gano rijiyoyin cikin hayaƙi in ba tare da Dehen ba.

Ya gama wanke ƙashin, ya tsane shi da farin ƙyalle, ya naɗe, ya miƙa wa wansa. Ina tsaye kusa, na ji abin da suka ce.

"Saura kwana biyu, Dehen. Kwana biyu kacal."

"A kwana biyu ta wuce madatsa ta uku, Yaya. Mu muka zubar da ruwan."

"In ka tsallaka igiyar nan, ka san abin da ka tsallaka."

"Na sani. Riƙe shi da kyau."

Ya wuce ta tsakiyar taro ba wanda ya tare shi. Rusine ta bi shi har igiya da takalmansa na roba da ƙunshin shinkafa, ta miƙa masa bayan ya tsallake. Masu ganga sun ɗan tsaya, basir ya yi musu alama suka ci gaba.

Su shida suka isa madatsa ta biyu da azahar, suka tarar wuta ta riga ta cinye ta farko. Gobarar gambut ba ta da harshe mai tsayi, ta ƙarƙashi take tafiya. Mutum zai taka wuri yana ganin ƙasa ce, ƙafarsa ta faɗa cikin garwashi har gwiwa. Tana cin saiwoyi, sai bishiya ta faɗo ba iska ba gargaɗi. Dehen ya ja layi a daidai madatsa ta biyu, ya sa aka fara haƙa rami a gicciye har sai an tarar da danshi, ana jawo ɗan ruwan da ya saura a bayan ta uku. Shi ne a gaba da sandar ƙarfe yana caka ƙasa, yana taɓa bakinta da tafin hannu ya ji ko ta yi zafi.

Ranar 23 ga wata da la'asar iska ta kawo musu amon ganguna daga gari, irin bugun da ake yi idan ƙasusuwa na shiga ɗaki. Waɗanda ke tare da shi sun ce ya ajiye sandar, ya juya ya fuskanci gari, ya tsaya kamar minti ɗaya, sannan ya ce a matsar da injin gaba domin tiyo ya gaza. Washegari da aka kwance igiya mutum kusan arba'in suka shigo daji da fartanyoyi da bokitai, har da ni da ban taɓa riƙe abin da ya fi alli nauyi ba. Nyahu bai zo ba.

Sau biyu wutar tana tsallake ramin ta ƙarƙashi, sau biyu ana ja da baya a sake haƙa. Ranar 29 ga Satumba Dehen ya hango Sumbing a ƙololuwar wata bishiya a ɓangaren da ke ci, da jaririnta ɗan wata takwas a maƙale a cikinta, tana neman reshen da za ta kama babu, domin na kusa duk sun zube. Ya ciro littafinsa daga aljihu ya rubuta lokaci da wuri kamar yadda ya saba, hayaƙi ya rufe, da ya yaye ba ta nan. Ya nemi ya tsallaka ramin, mutum uku suka danne shi. Ba a sake ganin ta ba.

Ruwan sama ya sauka ranar 26 ga Oktoba, bayan kwana talatin da biyar. Daga bakin kogi zuwa madatsa ta biyu babu abin da ya rage sai toka da baƙaƙen kututture. Daga nan zuwa ciki, kashi biyu cikin uku na dajin, yana tsaye.

Shekarun ƙarshe

A watan Nuwamba majalisa ta tabbatar da abin da doka ta riga ta faɗa, cewa Dehen ba shi da wuri a ɗakin mahaifinsa. Bai ɗaukaka ƙara ba. Gidansa da na Nyahu gadar katako ɗaya suke bi, amma shekara shida ba su yi wa juna magana ba. Idan ɗaya ya fito, ɗayan sai ya ga akwai abin gyara a bayan gida. Matansu ne suka ci gaba da musayar kifi da gishiri ta taga. Na taɓa yi wa Nyahu magana, ya ce shi ya cika umarnin uba, ƙanensa ya cika na biri, kowa ya je inda ya yi wa biyayya.

Dehen ya fito daga gobarar da tarin da bai sake rabuwa da shi ba. Duk da haka ya sake gina madatsun, kuma tsakanin 2016 da 2019 gidaje goma sha huɗu suka zo da ƙafarsu suna neman a toshe musu tasu magudanar, har da waɗanda suka fi yi masa dariya. Ya jagoranci dasa itatuwa a wurin da ya ƙone. A watan Afrilu na 2017 ya ga Tiung, 'yar Sumbing, a bayan madatsa ta uku da jariri a jikinta, ya dawo gida ya sa Rusine ta yanka kaza. Shafin Sumbing kuwa bai yarda a rufe ba, ya ce ba a rubuta mutuwar abin da ba a ga gawarsa ba.

A 2019 numfashi ya hana shi shiga daji, ya miƙa littafi da fensir ga 'yarsa ta biyu. Daga barandarsa ana hango ɗakin Tundan bisa ginshiƙansa, nan yake yini. Na tambaye shi wata rana ko yana nadama. Ya ce buɗewar yake nadama, tsallakawar kuwa ko gobe sai ya sake. Ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce abin da ke damunsa guda ne: shi da bai taɓa ɓata a daji ba, bai san inda za a ajiye shi ba.

Rasuwa da jana'iza

Dehen Tundan ya rasu a gidansa da safiyar Talata, 3 ga Agusta 2021, yana da shekara sittin da uku. An binne shi washegari a maƙabartar bayan gari, kusa da ramin da aka tono mahaifinsa. Mabiya addinai uku na garin sun halarta, da Dakta Sekar da ma'aikatan sansani, da wakilan ƙungiyoyin kashe gobara na garuruwa shida.

Kafin a mayar da ƙasa, basir ya yi tambayar da al'ada ta tanada, wato ina ƙasusuwan za su nufa idan lokacin tashinsu ya yi. Rusine ta buɗe baki za ta ce 'ya'yansa za su gina masa nasa shi kaɗai, sai Nyahu, wanda ke tsaye can baya, ya ratso mutane da sandarsa har bakin kabari. Ya dubi akwatin.

Ya ce, "Dehen. Kai magatakarda, da kai nake. Ka shigo." Sannan ya juya ga basir. "Na mutum uku na auna ɗakin tun farko: Baba, da ni, da shi. Duk wanda ke shakka ya hau ya duba."

Na rubuta kalaman kamar yadda aikina ya buƙata, cike da haushi da tausayi. Shekara shida kalmar nan tana bakinsa, tsakaninsa da kunnen da ke jiranta taku ashirin, sai da kunnen ya daina ji ya faɗe ta. Bayan kwana bakwai Nyahu, a matsayinsa na magaji na ƙarshe, ya sa aka kai shi bakin magudanar a kwale-kwale, ya ɗaura igiyar rotan daga gaɓa zuwa gaɓa, ya shaida wa dattawa cewa ruwan Baba ya gama aikinsa, ba za a sake buɗe shi ba.

Marigayin ya bar matarsa Rusine da 'ya'ya huɗu: Bungeh, ungozoma a garin Kasongan, Harie, wadda ta gaji aikinsa na bin kahiu, Sangen, shugaban ƙungiyar kashe gobara ta gari, da Uhing, masunci, da jikoki tara. Har zuwa rubuta wannan tarihi ba a yi masa tiwah ba, yana zaman jira kamar yadda mahaifinsa ya yi. Idan ranar ta zo ba za a sare ko bishiya ɗaya ba, wurinsa yana nan a hannun hagun Tundan, Nyahu yana hawa tsani duk wata yana share shi.